KALANDAR BANGO: DARASI A KAN YADDA IYALI ZA SU YI ALLON TSARA KWANAKINSU A GIDA

GABATARWA

Kowane gida yana da ranakun da bai kamata su wuce shi ba. Akwai ranar kai jariri rigakafi, da ranar awon ciki, da ranar komawa makaranta, da ranar zubin adashi, da ranar biyan kuɗin haya, da ranar zuba wa masara taki na biyu. A yawancin gidaje ba a rubuta waɗannan ranaku. Mutum ɗaya ne yake riƙe da su a ka, ko mai gida ko uwargida. In wannan mutum ya yi tafiya, ko ya kwanta ciwo, ko hidima ta sha masa kai, sai ranar ta zo ta wuce ba wanda ya farga.

Hasarar da irin wannan mantuwa take jawowa ba ƙarama ba ce. Yaron da ya sami allura ta farko, bai sami ta biyu da ta uku ba, kariyarsa ba ta cika ba. Mai tarin fuka, wanda yawanci sai ya yi wata 6 yana shan magani ba fashi, in ya bar ranar karɓar magani ta wuce, cutar tana iya dawowa da ƙarfi har ta daina jin maganin da aka saba bayarwa. Manomin da ya makara da noman firi, ciyawa ce za ta ci takin da ya saya da kuɗinsa.

Wannan darasi yana bayyana wata hanya mai sauƙi ta maganin wannan matsala, watau a keɓe wani yanki na bangon gida, a shafa masa baƙin fenti irin na allon makaranta, a zana gidajen kwanakin wata a kansa, a riƙa rubutu da alli ana gogewa. Aiki ne wanda mai gida da 'ya'yansa za su iya yi da hannunsu cikin mako ɗaya, ba sai an kira mai fenti ba.

1. AMFANIN ALLON BANGO

Mai karatu yana iya cewa ai akwai kalandar takarda, akwai kuma wayar hannu. Gaskiya ne, amma kowace tana da iyakarta. Kalandar takarda, gidajen kwanakinta ƙanana ne, ba su ɗaukar rubutu, in kuwa shekara ta ƙare aikinta ya ƙare. Wayar hannu ta mutum ɗaya ce, tana aljihunsa duk inda ya tafi, ga ta da bukatar caji, ga shi kuma tsohuwa da ƙaramin yaro ba su da rabo a cikin abin da ta riƙe.

Allon bango kuwa yana nan wuri ɗaya, kowa yana ganinsa safe da yamma. Ba ya bukatar wutar lantarki. In an yi kuskure tsumma ya isa gyara. Wanda bai iya boko ba yana iya yin ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba yana iya gane alama. Har wa yau, yaran gida suna koyon ƙirga da sunayen ranaku da watanni a jikinsa ba tare da an zaunar da su ba.

2. ZAƁEN WURI

Kafin a sayi komai sai a fara zaɓen bango. Wurin da ya dace shi ne wanda ya cika sharuɗɗa huɗu.

Na farko, ya zama inda dukan mutanen gida suke wucewa kullum, kamar falo, ko baranda, ko rumfar tsakar gida. A gidan da yake da mata fiye da ɗaya, kada a yi allon a ɗakin ɗaya daga cikinsu, domin abin da aka yi don haɗa kan iyali kada ya koma sanadin ƙorafi.

Na biyu, kada ya zama inda baƙi suke zama. Zaure da shago na maza baƙi ne, al'amuran cikin gida kuwa ba na kowa ba ne.

Na uku, ya zama inda ruwan sama ba ya feshi, rana kuma ba ta dukansa tsaye. Bangon da yake tsatsafo da laima, ko wanda farin gishiri yake fitowa a gindinsa, ba ya riƙe fenti, cikin damina ɗaya zai ɓaɓɓanɓare. Haka nan a nisanci murhu, gama hayaƙi da maiƙo suna sa alli ya ƙi kamawa.

Na huɗu, ya zama akwai haske sosai yadda za a iya karatu ba tare da fitila ba da rana.

Wanda yake zaune a gidan haya, lalle ne ya nemi izinin mai gidan tukuna. In bai samu ba, ko kuwa bangon na ƙasa ne wanda ba a yi masa shafen siminti ba, sai ya sa kafinta ya yanko masa falle ɗaya na katako mai santsi daidai awon da za a faɗa a gaba, a yi aikin a kansa, a kafe shi da ƙusa. Ranar tashi sai ya ɗauki abinsa.

3. KAYAN AIKI

Abubuwan da ake bukata su ne:

(a) Fentin baƙin allo, lita 1. Ana samunsa a shagunan fenti da na kayan gini.
(b) Farin fenti kaɗan, domin jan layuka.
(c) Buroshi mai faɗin santimita 7 zuwa 10, da wani ɗan siriri.
(d) Sanfefa mai kaushi da mai laushi.
(e) Tef na awo, da fensir, da doguwar sanda miƙaƙƙiya wadda za ta zama rula.
(f) Zare mai ƙwari da ɗan dutse.
(g) Tef na takarda mai manne, domin tsare gefuna.
(h) Siminti kaɗan ko foti, domin cike ramuka.
(i) Alli fari da mai launi, da tsumma biyu.

In fentin allo bai samu ba, ana iya haɗa shi a gida. A sami baƙin fentin ruwa, irin wanda ba ya ƙyalli. A cikin kowane kofi ɗaya, watau kimanin mililita 250, a zuba cokali 2 na cin abinci na garin nan mai laushi da masu ɗaura tayil suke cike tsakanin tayil da shi, wanda ba a gauraya shi da yashi ba. A dama sosai har gudaji su mutu. Wannan gari shi ne yake ba fuskar fentin ɗan kaushin da yake kankare alli ya bar rubutu. Kofi ɗaya ɗaya za a riƙa haɗawa, domin in ya daɗe a ajiye yana daskarewa. Fenti mai ƙyalli ba ya yin allo ko kaɗan, alli zamewa yake yi a kansa.

Wanda ba shi da halin sayen fenti yana iya daka gawayi ya yi laushi, ya tankaɗe, ya kwaɓa da ruwan ƙaro kamar yadda ake haɗa tawada, ya shafa. Wannan yana biyan bukata, sai dai ba ya jure jiƙaƙƙen tsumma, kuma dole a riƙa sabunta shi a kai a kai.

4. GARGAƊI BIYU

Gargaɗi na farko a kan dalma ne. Waɗansu fentocin mai, musamman tsofaffi masu launin rawaya da ja, suna ɗauke da dalma. Dalma guba ce wadda take taɓa ƙwaƙwalwar yaro ƙarami, ta rage masa fahimta, illarta kuwa ba ta gyaruwa. Jama'ar ƙasar nan sun ga iyakar sharrinta a shekarar 2010, a Jihar Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Can ɗin ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta jawo, ba fenti ba, amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta jiki kuma ɗaya ce, watau ƙurar da yaro yake shaƙa ko yake kaiwa baki da hannunsa. Saboda haka a duba jikin gwangwani, a zaɓi fentin da aka rubuta ba shi da dalma. Iyakar da hukumomin duniya suke ba ƙasashe shawara a kanta ita ce kashi 90 cikin miliyan. In bangon yana da tsohon fentin mai, kada a goge shi da sanfefa a bushe. A jiƙa shi tukuna, a rufe hanci da baki, a kawar da yara da mata masu ciki daga wurin, in an gama kuma a share ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannu da sabulu.

Gargaɗi na biyu a kan batir ne. An saba a waɗansu makarantu a fasa tsohon batirin tocila a shafa baƙin cikinsa a allo. Wannan al'ada ba ta da kyau. Baƙin batir yana da sinadarai masu cin fata da cutar da ido, bai kamata yaro ya taɓa shi ba, balle a shafa shi a bangon ɗakin da ake zama a ci abinci.

5. SHIRYA BANGO

Kyan allo yana ga santsin abin da yake ƙarƙashinsa. Fenti ba ya ɓoye rami, sai ma ya ƙara bayyana shi, kuma duk inda alli ya ci karo da rami sai ya karye. Don haka a share bangon, a wanke ƙura da maiƙo da ruwan sabulu, a bari ya bushe. A cike ramukan ƙusa da tsaga da siminti ko foti, in sun bushe a goge da sanfefa har hannu ya daina jin tudu.

In bangon yana bukatar sabon shafe, birkila ya kwaɓa awo 1 na siminti da awo 3 na yashi mai laushi wanda aka tankaɗe, ya shafe wurin, ya goge shi sumul. A riƙa yayyafa masa ruwa kwanakin farko don kada ya tsattsage, sa'an nan a bar shi kamar mako 4 kafin a sa fenti. Wanda ya yi gaggawa ya shafa fenti a kan ɗanyen siminti, zai sake aikin.

6. AWO DA ZANE

Mako kwana 7 ne, saboda haka kalandar tana bukatar gidaje 7 a kwance. A tsaye kuwa tana bukatar jeri 6, ba 5 ba. Dalili shi ne, in an fara mako da Lahadi, watan da yake da kwana 31 in ya kama ranar Juma'a ko Asabar, ƙarshensa yana faɗawa jeri na shida. Haka nan watan da yake da kwana 30 in ya kama ranar Asabar. Jimla gidaje 42 ke nan.

Awon da ya dace da gida matsakaici shi ne kowane gida ya zama santimita 15 faɗi, 15 tsawo. Gidaje 7 sun ba da santimita 105 a kwance, jeri 6 sun ba da 90 a tsaye. A ƙara santimita 10 a sama domin sunan wata, da wata 10 a ƙarƙashinta domin sunayen ranaku, tsawo ya zama 110. A gefen dama a bar fili mai faɗin santimita 35 domin abubuwan da suke tafe a watanni masu zuwa, faɗi ya zama 140. Allon duka bai wuce murabba'in mita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, lita 1 ta fenti kuwa ta ishe shi shafi uku har da ragowa. Gindin allon ya tashi santimita 70 daga ƙasa, yadda ɗan makaranta zai kai jerin ƙasa, babba kuma ya kai sama ba tare da ya taka kujera ba.

Ga yadda ake fitar da kusurwoyi daidai:

(a) A kafa ƙusa a inda kusurwar sama ta hagu za ta kasance, a rataya zare mai dutse a ƙarshensa. In ya daina lilo, a bi shi da fensir. Wannan layi a tsaye yake cak, ko da daɓen ɗakin ya karkace.

(b) A auna santimita 110 a kan wannan layi, a sa alama a ƙasa.

(c) Daga alamar ƙasa a auna santimita 30 zuwa sama, a sa ɗigo. Sa'an nan a nemi wani ɗigo a gefen dama wanda yake santimita 40 daga alamar ƙasa, kuma santimita 50 daga ɗigon farko. Layin da ya tashi daga alamar ƙasa ya bi ta kan wannan ɗigo a kwance yake daidai. Wannan ita ce dabarar uku, huɗu, biyar da magina suke fitar da kusurwar ɗaki da ita.

(d) A miƙa layin ya kai santimita 140, a sake rataya zare a fitar da gefen dama, a haɗa sama.

(e) Domin tabbatarwa, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da take fuskantarta a gicciye, ta nan da ta can. In awon biyu ya zo ɗaya, kimanin santimita 178, aiki ya yi. In ya bambanta, a gyara tun fenti bai hau ba.

In an gama sai a manna tef na takarda a bayan layukan huɗu, a danne bakinsa da ɗan yatsa don kada fenti ya kutsa ta ƙarƙashi.

7. SHAFA FENTI

A zaɓi ranar da babu hadari, babu kuma ƙurar hunturu mai yawa, gama ƙura tana mannewa a ɗanyen fenti. A buɗe ƙofa da taga, a shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa. A juya fentin da sanda har abin da ya kwanta a gindin gwangwani ya taso.

Shafi na farko ya zama siriri, a ja buroshi daga hagu zuwa dama. Ko an ga bango yana leƙowa kada a damu, kuma kada a lafta fenti don a rufe shi, domin fenti mai kauri zuba yake yi ya bar sawu. A bar shi ya bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani. In babu rubutu, a bar shi ya kwana. Kashegari a ɗan shafa sanfefa mai laushi, a share ƙurar, a yi shafi na biyu daga sama zuwa ƙasa. Saɓa hannu haka shi yake ɓatar da sawun buroshi. In har yanzu baƙin bai cika ba, a ƙara na uku. A cire tef a hankali tun shafi na ƙarshe bai gama ƙanƙamewa ba.

Buroshin fentin ruwa da ruwa ake wanke shi, na fentin mai kuwa da kananzir. Kada a kunna wuta kusa da fentin mai, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin sai warin ya fita. Gwangwanin fenti ba ya zama mazubin abinci ko na ruwan sha.

8. JAN LAYUKA DA HORAR DA ALLO

Bayan kwana 3 da shafi na ƙarshe sai a ja layukan gidaje. A sa alamun awo a gefuna da fensir, a goga alli a jikin zare, mutum biyu su ja shi tsakanin alama da alama, na uku ya ɗaga tsakiyarsa ya saki. Zaren zai bar miƙaƙƙen layi. A bi layin da farin fenti da siririn buroshi, a rubuta sunayen ranaku da shi, daga Lahadi zuwa Asabar. Layuka da sunayen ranaku kaɗai za a yi da fenti, domin su ba su canzawa. Sunan wata da lambobi da alli za a yi su.

In farin fentin ya bushe, saura abu ɗaya wanda mutane da yawa suke tsallakewa. Sabon allo yana da 'yan ƙananan ramuka da ido ba ya gani. In an yi rubutu a kansa kai tsaye, allin farko yana shiga ramukan ya zauna, inuwar rubutun ta ƙi goguwa. Maganin wannan shi ne a kwantar da alli a gefensa, a goge fuskar allon duka da shi har ta yi fari fat, sa'an nan a share da busasshen tsumma. Daga nan allo ya horu. Kada a taɓa shi da ruwa sai bayan mako ɗaya.

9. CIKA KWANAKI

A kusurwar sama ta kowane gida a rubuta kwanan watan Bature da farin alli. Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba kwana 30 ne. Fabrairu kwana 28 ne, amma yana zama 29 a shekarar da 4 ta raba ba saura, kamar 2024 da 2028, sai fa shekarun cikon ƙarni waɗanda 400 ba ta raba su ba, kamar 2100. Sauran watanni bakwai kwana 31 ne. Ranakun hutu masu tsayayyen kwana su ne 1 ga Janairu, da 1 ga Mayu, da 12 ga Yuni wadda ta zama Ranar Dimokuraɗiyya tun 2019, da 1 ga Oktoba ranar samun mulkin kai na 1960, da 25 da 26 ga Disamba. Ista kuwa tana motsawa tsakanin Maris da Afrilu.

A kusurwar ƙasa a rubuta kwanan watan Musulunci da alli mai launi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, watau ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi da salla suke matsowa kowace shekara. Wata yana yin kwana 29 ko 30 gwargwadon ganin jinjirin wata, saboda haka in an kai 29 sai a dakata, kada a cika gaba sai an ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Wannan yana daga cikin inda alli ya fi ɗab'i, gama kalandar takarda hasashe take yi, allo kuwa yana jiran tabbaci. Mai azumi ya tuna kuma ranar Musulunci daga faɗuwar rana take farawa.

Ranakun kasuwa ma suna da gurbinsu. A Arewa galibi kasuwa mako mako take ci, kamar Wudil ranar Juma'a, da Maigatari ranar Alhamis, da Dambatta ranar Lahadi, don haka alamarta tana sauka a layi ɗaya. A ƙasar Ibo kuwa makon kasuwa kwana 4 ne, watau Eke da Orie da Afo da Nkwo, kuma kasuwanni da yawa na ƙasar Yarbawa a kan irin wannan tazara suke ci. Fatake da sauran mazauna Kudu za su ga ranar tana tafiya a karkace cikin allo, kowane mako a wani gida dabam, abin da yake da wuyar riƙewa a ka.

10. MISALI: RANAKUN JARIRI

A ɗauka an haifi jariri ranar Talata, 3 ga Maris, 2026. Ranar suna ita ce Talata mai zuwa, 10 ga wata, watau gidan da yake ƙarƙashin na haihuwa. Rigakafin farko ana yinsa da haihuwa. Na gaba kuwa ana yinsu ne yaro yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan wata 9, sa'an nan allurar ƙyanda ta biyu a wata 15.

Tun da yake mako cikakke yana dawowa rana ɗaya, ƙirgar ba ta da wuya. A tsaya a layin Talata a riƙa sauka. Mako 6 ya faɗa 14 ga Afrilu, mako 10 ya faɗa 12 ga Mayu, mako 14 ya faɗa 9 ga Yuni, wata 9 kuma 3 ga Disamba. Waɗannan ranaku a jera su a filin gefen dama tun ranar da aka dawo daga asibiti, a riƙa ɗauko kowace ana sa ta a gidanta in watanta ya kama. In ranar da ma'aikaciyar lafiya ta rubuta a kati ta bambanta da wannan, saboda asibitoci da yawa suna da ranarsu ta rigakafi, ranar kati za a bi. In kuwa rana ta riga ta wuce, ba a sake farawa daga farko, sai a kai yaron nan da nan a ci gaba daga inda aka tsaya. A cikin wannan fili kuma a rubuta rajistar haihuwa, wadda doka ta ce a yi cikin kwana 60.

Haka za a yi wa awon ciki, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar ya kai sau 8. Haka kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina a jihohi da dama. Ma'aikata suna ba da na ranar farko, uwa ce take ba da na rana ta biyu da ta uku, a nan kuwa mantuwa ta fi aukuwa. Manomi shi ma ya rubuta ranar shuka, ya sauka jeri biyu ko uku ya sa noman firi, ya sa ranakun taki yadda malamin gona ya faɗa masa.

11. ALAMOMI DA ƘA'IDOJI

Iyali su shirya a kan alamomi kaɗan waɗanda kowa zai gane: allura domin asibiti, littafi domin makaranta, fartanya domin gona, da'ira domin biyan kuɗi, jinjirin wata domin azumi da salla, ƙwarya domin biki ko suna. In akwai alli mai launi, kowane mutum ya sami launinsa. Inda ake rabon girki, ana iya sa harafin farko na sunan mai girki a ranakunta, in matan sun yarda.

Akwai abubuwan da ba a rubutawa a bango. Ba a rubuta sunan cutar mutum, alamar asibiti ta isa. Ba a rubuta yawan kuɗi, ko lambar asirin banki, ko sunan wanda ake bi bashi. Ba a rubuta ranar da gida zai zama ba kowa. Kuma ba a mai da allo wurin tona laifin yaro ko habaici tsakanin manya.

Allo ba ya cika kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka a tsai da lokaci ɗaya kowane mako, kamar bayan sallar Isha'i ranar Juma'a ko yammacin Lahadi, iyali su tsaya gaban allo minti goma. Kowa ya faɗi abin da yake gabansa, a rubuta, a kuma faɗi wanda zai yi kowane aiki, gama rubuta ranar rigakafi ba ta da amfani in ba a san mai kai yaron da kuɗin mota ba. A ɗora wa ɗan makaranta ɗaya soke ranar jiya kowace safiya, a riƙa karɓa-karɓa. Daren ƙarshen wata a kwafe haihuwa da rasuwa da biyan kuɗi cikin littafi kafin a goge, domin allo na tuni ne, littafi shi ne na ajiya.

12. KULA DA ALLO

Kullum busasshen tsumma ya isa. Sau ɗaya a wata a goge da tsumma mai ɗan laima, a bari ya bushe, a sake horar da shi da alli. Kada a sa sabulu ko mai, kada kuma a yi rubutu da biro ko alkalami mai tawada. A kakkaɓe tsumma a waje, musamman in akwai mai asma a gida. A rataya ɗan gwangwani a gefe domin alli, sama da inda mai rarrafe zai kai. In baƙin ya kode, shafi ɗaya daga ragowar fenti ya isa ya mai da shi sabo, sai a sake bin layuka.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne sharuɗɗa huɗu ne ake dubawa wajen zaɓen bango?
2. Don me kalandar take bukatar jeri 6?
3. Don me ba a goge tsohon fentin mai da sanfefa a bushe?
4. Mene ne amfanin goge sabon allo da alli kafin a fara rubutu?
5. In an haifi jariri ranar Alhamis, 1 ga Oktoba, 2026, wace rana ce zai cika mako 6?
6. Waɗanne abubuwa ne ba a rubutawa a allon bango?

KAMMALAWA

Ana roƙon malaman makaranta, da malaman yaƙi da jahilci, da ma'aikatan lafiya, da masu unguwanni, su karanta wa jama'a wannan darasi, su kuma fara yin allon a gidajensu domin maƙwabta su gani su kwaikwaya. Wanda ya gama nasa, kada ya jira sabon wata. Ya ɗauko katin rigakafin yara, da takardar makaranta, da katin asibiti, ya cika kwanakin da suka rage tun a wannan dare. Allah ya ba da iko, amin.